Yadda Ake Zaɓen Motar A-kori-kura Don Jan Tirela Da Kwanan Daji, Da Yadda Ake Haɗa Kuɗinta

Mutumin da yake son ya ɗauki iyalinsa ko abokansa zuwa Yankari, ko ya hau tsaunin Mambila ya kafa tanti ya kwana biyu, yana janye da ƙaramar tirela mai ɗauke da ruwa da kayan girki da babur, yana buƙatar motar da aka ƙera domin irin wannan aiki, kuma a ƙasar nan wadda ta fi dacewa ita ce a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Sai dai yawancin masu saye suna farawa ne daga inda ya kamata su ƙare. Sukan je wurin dillali su ga Hilux tana sheƙi, su yi ciniki su biya la'ada, sai daga baya su tambaya ko za ta iya jan abin da suke nufi. Tsarin da ya dace shi ne a fara da nauyin kaya, a bi da irin hanyar da za a bi, a duba aljihu, sannan a je kallon mota.

Mataki na farko ana yin sa ne a gida da takarda da biro. Ka rubuta duk abin da zai shiga motar da abin da zai hau tirela, kowanne da nauyinsa. Manya biyar, idan aka ƙaddara kowa kilo 75, sun kai kilo 375 tun ba a ɗora komai ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu cin lita 25 kilo 100 ke nan, kuma ruwa shi ne abin da ba a rage shi a tafiyar daji. Babur irin na haya ya haura kilo 100. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5 nauyinta yakan ninka idan aka haɗa da ƙarfenta. Ga janareto, ga tanti da katifu da tamfol, ga buhun shinkafa da kular ƙanƙara, ga jarkokin man da za a riƙe saboda gidajen mai suna nisa da juna. Idan ka haɗa jimla za ka ga ta fi abin da kake zato nesa ba kusa ba. Ita kanta tirelar, musamman wadda masu walda suka haɗa a gida da ƙarfe mai kauri, babu wanda zai faɗa maka nauyinta da baki ya dace, saboda haka ka kai ta ma'aunin manyan motoci, irin wanda ake samu a kamfanonin casar shinkafa da wuraren sayen hatsi, a auna ta babu kaya, sannan a sake auna ta da kaya.

Da wannan takarda a hannu za ka shiga mataki na biyu, wanda shi ne zuciyar al'amarin, wato karanta lambobin da kamfani ya ƙayyade wa motar. Lambobi huɗu ne, ana samun wasu a ɗan allon ƙarfe ko takardar da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, sauran kuma a littafin motar. Akwai nauyin motar ita kaɗai. Akwai iyakar nauyin da aka yarda ta kai idan an cika ta da mutane da kaya, kuma bambancin da ke tsakanin waɗannan biyu shi ne abin da za ta iya ɗauka, wanda a irin su Hilux da Ford Ranger da Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 yakan kusanci tan ɗaya. Akwai iyakar nauyin tirelar da za ta ja. Ta huɗu, wadda dillalai ba su cika ambata ba, ita ce iyakar nauyin mota da tirela idan aka haɗa su gaba ɗaya.

Wannan lamba ta huɗu ita ce take tona asirin talla. Ɗauki misalin Hilux ta zamani mai injin dizal 2.8 da giyar taimako, wato wadda take sa duk ƙafafu huɗu su ja motar. A wasu samfuranta an rubuta tana jan kilo 3,500, iyakar nauyinta da kaya kilo 3,050, jimlar mota da tirela kuma kilo 5,850, alhali ita kanta motar ta kai kimanin kilo 2,100. Idan ka ɗaura mata tirela mai kilo 3,500 cif, abin da ya rage wa motar kilo 2,350 ne, wato kilo 250 kacal bisa nauyinta, wanda bai wuce mutum uku da jakunkunansu ba. Ma'ana ba za ka cika bayanta da kaya kuma ka ja iyakar abin da aka rubuta a lokaci guda ba. Ƙari a kan haka, tirela tana danna ƙugiyar mota da wani kaso na nauyinta, wanda ya kamata ya zama kusan kashi goma cikin ɗari, kuma wannan nauyi ana cire shi ne daga abin da motar za ta ɗauka. Tirela mai kilo 1,500 ta riga ta ci kilo 150 daga rabon kayanka. A ganina, mai hankali zai nemi motar da lissafinsa bai wuce kashi 80 cikin ɗari na iyakarta ba, domin waɗannan lambobi ba a yi su da zafin watan Afrilu a hanyar Bauchi ko ramukan hanyar Serti ta jihar Taraba a zuciya ba.

Akwai kuma wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa. Manyan lambobin nan na tirela mai birkin kanta ne. Idan tirela ba ta da birki, iyakar da kamfanonin suka saka wa irin waɗannan motoci kilo 750 ce, komai ƙarfin injin. Tirelolin da ake haɗawa a gida kusan duk ba su da birki, don haka wanda ya loda wa irinsu tan ɗaya da rabi ya ɗora wa birkin motarsa aikin da ba a ƙera shi dominsa ba, kuma a gangara tirelar ce za ta riƙa tura motar. Ko dai ka tsaya ƙasa da kilo 750, ko ka sa kuɗin gatari mai birki a cikin kasafinka tun yanzu.

Mataki na uku shi ne daidaita mota da hanya. Hanyar Yankari daga garin Bauchi kwalta ce har zuwa sansanin Wikki, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, kuma da rani kowace a-kori-kura mai lafiya za ta kai ka ba tare da giyar taimako ba. Gashaka-Gumti, wanda shi ne gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, da ƙauyukan kan Mambila bayan an bar babbar hanyar Gembu, wani labari ne daban, musamman da damina, inda laka da rafuka suke sa taimako ya zama dole. Mota mai taimako ta fi tsada wajen saye, ta fi shan mai, kuma tana da ƙarin sassan da za su iya lalacewa, saboda haka kada ka biya kuɗinta idan tafiyarka ba ta barin kwalta da burji.

Batun inji yana buƙatar a tsaya a kansa. Injin fetur 2.7 na Hilux, wanda ya cika ƙasar nan saboda hukumomi da kamfanoni sun daɗe suna sayensa, yana da sauƙin sha'ani: kowane bakanike ya san shi, kayan gyaransa suna nan daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna zuwa Apo a Abuja, kuma yana haƙuri da man da ba shi da kyau sosai. Rauninsa shi ne ƙarfin ja. Ba shi da tabo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, kuma injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska tana raguwa. A kan Mambila, inda tsayin ƙasa ya kai kimanin mita 1,600, ka yi asarar kusan kashi 15 cikin ɗari daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Injin dizal mai tabo, kamar 2.5 da 3.0 na Hilux da aka yi tsakanin 2005 da 2015, ko 2.4 da 2.8 na waɗanda suka biyo baya, yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, ya fi tsimin mai a ƙarƙashin kaya, kuma hawa ba ya gajiyar da shi haka. Amma nozul ɗinsa, wanda yake fesa mai cikin inji, ba ya jure ruwa ko datti a cikin mai, kuma gyaransa yana da tsada ƙwarai. Wanda zai riƙa sayen mai a jarka a bakin hanya ya yi tunani sau biyu. Haka nan dizal ɗin da aka shigo da shi daga Turai, mai matatar hayaƙi a salansa da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi, yakan zama ciwon kai a nan. Hukuncina shi ne, idan tirelarka ba ta kai tan ɗaya ba, fetur 2.7 ya isa kuma zai bar ka ka yi barci. Idan ta haura tan ɗaya da rabi kuma akwai tsauni a hanyarka, dizal ne, tare da ƙarin matatar da ke raba mai da ruwa.

Giyar hannu ta fi arha wajen gyara, amma kuloci yana ci idan ana yawan tashi da kaya a kan tudu. Atomatik ta fi daɗin ja, sai dai zafi ne maƙiyinta, don haka a tabbatar tana da na'urar sanyaya man giya, in babu a ƙara mata.

Ba dole ba ne sai Hilux. Sunanta ya sa farashinta ya yi sama, kuma shi ne ya sa ɓarayin mota suka fi sa mata ido, amma shi ne kuma yake sa ta yi saurin sayuwa ranar da ka buƙaci kuɗinka. L200 da D-Max da Nissan Navara sukan zo da rahusa a kan shekara ɗaya da lafiya ɗaya, muddin ka fara zagaya kasuwar kayan gyara ta garinku ka tambayi farashin famfon ruwa da faifan kuloci da shokazoba ka ji ana samu. Toyota Tacoma da ake kawowa daga Amurka tana da injin fetur V6 mai ƙarfin ja, amma abin da take ɗauka a bayanta bai kai na Hilux ba, kuma tana da tarihin tsatsar shasi, har kamfanin Toyota ya amince a 2016 da biyan diyya a kan samfuran 2005 zuwa 2010. Manya irin su Tundra da Ford F-150 suna jan abin da ya fi haka, amma man da suke sha ya fi ƙarfin mai albashi, kuma faɗinsu yana wahalarwa a ƙananan hanyoyin daji.

Mataki na huɗu shi ne duba motar, kuma ba a yin sa sai da bakaniken da kai ka kawo, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ku je da sassafe, kafin a tayar da injin, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye aibinsa. A ɗora hannu a kan bonet a ji sanyi, sannan a tayar a kalli hayaƙi: shuɗi alamar cin baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa alamar ruwa yana shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai a duba ko akwai wani kumfa mai launin madara a jikinsa. Daga nan a kai ta rami, a shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Abin da ake nema shi ne shasi, musamman daga saman gatarin baya zuwa ƙarshe, inda ƙugiya za ta zauna: tabon walda, ko lanƙwasa, ko baƙin fenti sabo da aka shafa a wuri ɗaya, ko ƙarfen da ke zubar da ɓawo idan an ƙwanƙwasa, kowanne ya isa a fasa ciniki. A ƙirga ganyen sifirin na baya a ga ko an ƙara ko wani ya karye, domin motar da ta yi shekaru tana dakon siminti a nan take nunawa. A gwada taimako a kan ƙasa, babbar giya da ƙarama, a tabbatar yana shiga yana fita, saboda ana samun motocin da aka cire musu farfelar gaba aka yi shiru. A duba gefen taya, inda lambobi huɗu suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Wani abu da ya shafi rai kai tsaye shi ne juyin sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, amma ɗimbin a-kori-kura ana ƙera su ne don ƙasashe irin su Tailan da Ostireliya da Ingila da Afirka ta Kudu masu sitiyari a dama, sai a juya su kafin a sayar. Ana gane su ta walda a bangon da ke tsakanin inji da ɗaki, da yadda waifa take share gilashi ta ɓangaren fasinja fiye da na direba. Motar da aka yanke mata layin birki da sandar sitiyari aka sake haɗawa ba ta dace da jan tirela a gangara ba, komai arharta.

Takardu su ne mataki na biyar. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe dole ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta rajista, harafi da harafi. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma motoci da yawa da suka biyo ta barauniyar hanya suna yawo da takardun jabu, saboda haka ka je ofishin kwastan da kanka a tantance kafin kuɗi ya bar hannunka. Idan ta hannu ce, a rubuta yarjejeniyar sayarwa da shaidu, a yi canjin suna nan take. Idan daga gwanjon wata hukuma ta fito, ka karɓi takardar gwanjon ta asali.

Sai maganar kuɗi, inda mutane da yawa suke shiga rami da idonsu biyu. Farashin saye ba shi ne kuɗin mota ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, mai da kayan gyara sun zama babban kaso na abin da mai mota yake kashewa. Ka ƙaddara a-kori-kura mai fetur tana shan kimanin lita 12 a kilomita 100, da tirela kuma ta kai 16 ko 17. Tafiyar kilomita 1,000 ke nan za ta ci lita 160 zuwa 170, sai ka ninka da farashin yau ka ga ko zuciyarka ta ɗauka. Ka ƙara juyen baƙin mai, wanda jan tirela yake sa a riƙa yin sa da wuri, da taya huɗu masu ƙarfin ɗaukar kaya, da sabunta takardu, da inshora. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga inshorar da doka ta wajabta a kan motar gida zuwa naira 15,000 daga Janairun 2023, ta kuma ƙayyade cewa cikakkiyar inshora ba za ta gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar mota a shekara ba. Ga motar da ɓarayi ke so, cikakkiyar ce ta dace, kuma wanda yake son tsarin Musulunci akwai kamfanonin takaful irin su Noor da Jaiz.

Ƙa'idar da nake ba da shawara ita ce kada a zuba duk abin da aka tara a kan farashin saye. A bar aƙalla kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari domin gyaran farko, da ƙugiya, da taya, da takardu, domin babu motar hannu da ba ta neman wani abu a watanninta na farko. Gara mota mai shekara goma da lafiyayyen shasi da kuɗi a ajiye, da mai shekara biyar wadda za ta kwana a ƙofar gida saboda babu kuɗin nozul.

Hanyar haɗa kuɗin da ta fi aminci ita ce tari, ko ta adashi da amintattun mutane, ko ta ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aiki, wadda yawanci sharuɗɗanta sun fi na banki sauƙi, ko ta sayar da motar da ake hawa a cika. Bashin banki mai ruwa yana da nauyi ƙwarai: ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗorawa a kan haka, ta yadda bashin naira miliyan goma a kan kashi 30 zai iya cin kusan miliyan uku a shekarar farko. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin murabaha, inda banki yake sayen motar ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka riƙa biya kashi-kashi. Farashin ba ya canzawa bayan an sa hannu, amma ribar ba ƙarama ba ce, don haka ka nemi a rubuta maka jimlar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, da kuɗin da za ka fara ajiyewa, da abin da zai faru idan ka makara. Idan biyan wata-wata da kuɗin mai za su haura kashi ɗaya bisa huɗu na abin da kake samu, motar ta fi ƙarfinka a yanzu. Kuma idan tafiyar daji sau ɗaya ko biyu ce a shekara, kuma motar ba za ta yi maka aikin gona ko dakon kaya a sauran watanni ba, haya ta fi maka riba, ko ku haɗa hannu da ɗan'uwa ku saya da rubutacciyar yarjejeniya.

Bayan mota ta zo gida, sauran shiri. Ƙugiyar ja dole a ɗaure ta da manyan kusoshi a jikin shasi, a ramukan da kamfani ya tanada. Abin da ake gani a hanya, wato ɗan ƙarfe da aka liƙa da walda a jikin bamba, yana iya ɓallewa a rami na farko. Ƙwallon ƙugiya iri biyu ne masu kama da juna, na milimita 50 da na inci biyu irin na Amurka, kuma dole ya dace da bakin tirelarka daidai. A sa sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan tirela, a haɗa wayar fitilun birki da sigina, a tanadi safaya ta mota da ta tirela, da jak mai ƙarfi, da abin kashe gobara da alamar tsayawa da jami'an kiyaye haɗurra suke tambaya. Wajen lodi, kusan kashi 60 cikin ɗari na kaya su zauna gaban gatarin tirela, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su tamau, domin tirelar da nauyinta ya koma baya takan fara lilo da zarar an ƙara gudu. Idan lilon ya fara, a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari a miƙe, kada a taka birki da ƙarfi.

Kafin babbar tafiya, ka loda komai yadda zai kasance ka je fili ka koyi ja da baya, sannan ka yi gajeriyar tafiya kana lura da allurar zafi, ka tsaya ka taɓa cibiyar ƙafafun tirela ka ji ko sun yi zafi fiye da kima. Kada ka sa taimako a kan busasshiyar kwalta. A hawan da ke farawa daga Mayo Selbe zuwa kan Mambila, da ma saukowarsa wadda ta fi haɗari, ka sauko da giyar da ka hau da ita, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taimakawa kawai. Ka tambayi halin tsaron hanya daga direbobin tasha da mutanen gari kwana ɗaya kafin ka tashi, ka guji tafiyar dare, kuma ka kafa tanti a inda hukumar gandun daji ta ware ko inda mai gari ya nuna maka, bayan ka gabatar da kanka a ofishin gandun Gashaka-Gumti da ke Serti ko a ƙofar shiga Yankari.